Gyadar da Na Tsince wa Autarmu

Har yau idan aka tambaye ni aikin da autarmu ke yi a jami'a, cewa nake yi gyada take bincika, in ja bakina in tsuke. Wanda ya matsa, in ce ya je ya tambaye ta, ai tana nan da ranta. Shekara goma sha ɗaya na ba ta. Ni na goye ta, ni na raka ta makarantar kwana da akwatin ƙarfe a ka. Na daɗe ina koyarwa a firamare a Dutsin-Ma, ban kuma ɗauki kaina jahila ba. Amma ranar da ta zaunar da ni ta yi mini bayanin aikinta, da ciwon kai na tashi.

Mu 'yan Kurfi ne. Babanmu hatsi da gyada yake saye yana sayarwa, ciwon hanta ya ɗauke shi auta tana sakandare. Innarmu tana can har yanzu, tana ajiye 'yar gyadarta kowace kaka kamar yadda ta saba. Aure ya kawo ni Dutsin-Ma, karatu ya kawo auta. A lokacin da nake ba da labari tana shekara ta uku a babban digirinta, kuma bakinmu duka ya saba da cewa saura kaɗan.

A tsakar gidana ta yi mini bayanin, bayan la'asar, ina gyaran zogale. Ta ce idan gyada ko masara ta sha danshi a wurin ajiya, fumfuna na kama ta, fumfunar kuma tana barin wata guba a ciki wadda ke cin hantar mutum a hankali. Na'urar da ke gano gubar babba ce, sai manyan birane. Ita so take ta yi ƙarama, wadda za a iya shiga kasuwa da ita a jaka. Har nan ina biye da ita. Na ma ce Allah ya taimaka. Sai ta ce da DNA take haɗa abin.

"DNA?" na ce. "Ba shi ne wanda ake yi in ana gardamar uban yaro ba?"

"Shi ne, Yaya."

"To gyada wa ke gardamar ubanta?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ba na gyadar ba ne, sayo shi ake yi daga waje, a 'yan kwalabe. Na ce na wa suke sayarwa? Ta ce ba na kowa ba ne, ƙera shi ake yi. Ni kuwa abin da na sani, DNA abu ne da mutum ke gada wurin uwa da uba. Wanda ba na kowa ba, ban san inda zan ajiye shi a kaina ba.

Ta zaro tsinke daga tsintsiyata, ta tsayar da shi a ƙasa, ta saki, ya faɗi. Ta ce haka zaren DNA ɗin da ke kama gubar yake. In an manna shi a kan ɗan farantin gwajin, wanda bai fi farce girma ba, kwanciya yake yi, ya sarƙe da 'yan'uwansa, guba ta zo ta wuce bai kama ba. Shi ya sa gwajin ke makancewa. Dabararta ita ce ta gina masa mazauni mai ƙafa uku, shi ma da DNA, ta ɗora zaren a sama ya tsaya cak, kowane da tazararsa. Ta nuna mini duwatsun murhuna ta ce kamar waɗancan. Ta ce zare huɗu take zubawa a ruwa, ta ɗumama, ta bari ya huce, mazaunin ya haɗu.

"Wa ke haɗa shi?"

"Shi ke haɗa kansa."

"Kin taɓa ganinsa?"

"Ba a ganinsa, Yaya. Ko da madubin asibiti ba ya ganuwa."

"To ta yaya kika san ya tsaya?"

Ta shiga wani bayanin na wutar lantarki da layi mai hawa da sauka. Na dube ta, yarinyar da na share wa majina, tana zana mini abin da babu a ƙasa da tsinke. Na ce, "Na gane." Ban gane komai ba. Amma babba ba ya ce wa wanda ya goya ya maimaita har sau uku. Ta ci gaba da magana, ni kuma na ci gaba da gyaɗa kai ina tsinkar zogale, hankalina yana can wurin DNA marar uba.

A daminar shekarar, ɗakin ajiyar Inna ya yi yoyo. Ruwa ya sami buhun ɓararriyar gyada guda, ba a lura ba sai da wari ya fara tashi. Inna ta shanya ta, ta mayar. Da auta ta ji, sai murna, abin da ya ba Inna haushi ƙwarai. Ta je Kurfi da kanta, ta ɗebi mudu guda, aka niƙa, ta aika can birni wurin babbar na'ura. Bayan makonni amsa ta dawo: akwai guba a buhun, mai yawa. Ta ce yanzu ta sami abin da take nema. Idan ɗan farantinta ya ga abin da babbar na'ura ta gani a buhu ɗaya, aikinta ya tabbata.

Ta so ta ɗauko buhun gaba ɗaya, Inna ta ƙi. Ta ce buhunta ba ya zuwa jami'a, a ɗiba dai. Auta ta ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, ta ce kada kowa ya ci daga ciki. Ina wurin. Abin da na fahimta shi ne kada a cinye mata kayan aiki. Maganar guba kuwa, na ji, amma a raina guba ita ce ta ɓera da fiya-fiya, wadda ake sha a faɗi. Gyadar da ta ɗan sha ruwa, tun muna yara muke ci.

Da yake ni ke zuwa Kurfi duk Asabar, ita kuma ba ta iya barin ɗakin gwaji, sai ta ɗora mini aikin. In ɗebo mata mudu biyu, in daka ɗanya a turmi, in kawo mata garin a leda. Har bakin mota ta rako ni tana cewa, "Yaya, kada ki wahalar da kanki. Kada ki tsince. Yadda kika ɗebo, haka za ki daka."

Na ce to.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan maganar. Baƙo ya ce kada a ɗora masa tukunya, a ɗora. Suruka ta ce kada ki tashi, ki tashi. Wanda ya ce kada ki wahalar da kanki, kara ya yi miki, ke kuma sai ki nuna kin san mutunci. Na ɗauka tausayina take ji, ga makaranta, ga yara huɗu, ga hanyar Kurfi. Har na ji daɗi a raina, na ce yarinyar nan ta yi hankali.

Ban da haka ma, wace mace ce ke zuba gyada a turmi ba ta tsince ba? Hannu ne ke yi, ba sai an sa shi ba. Muka baje ta a faifai ni da Inna a inuwar dalbejiya. Na gaya mata abin da auta ta ce. Inna ta ɗago kai ta dube ni.

"Mi? A kai wa malamai ruɓaɓɓar gyada a ce daga gidan ga ta hito? Ubanku shekara nawa yana sai da gyada ba a taɓa maido mai ko mudu ba."

Muka tsince ta tas. Baƙaƙen da suka ruɓe muka watsa wa kaji. Waɗanda suka motse, da masu ɗan tabo, da masu kore-kore a tsaga, muka tara a ƙaramar tasa. A gidanmu "ta gefe" muke ce wa wannan. Mai kyau ta kasuwa ce da baƙi, ta gefe ta gida ce: a wanke, a soya da kyau, ta shiga kunu ko miyar taushe. Haka muka taso muka gani. Na daka mai kyan, ta fito fara sol, na ƙulla. Ta gefen kuma Inna ta juye mini a wata ledar ta ce in kai wa jikokinta.

Ranar Laraba auta ta kira ni. Muryarta a ƙasa. Ta ce farantinta bai ga komai ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ta ce, "Yaya, ba abin godiya ba ne. Akwai gubar a ciki. Shi ne bai gani ba."

Na ce ikon Allah. Na kashe waya ina mamaki. Mutum ya gwada abinci, a ce lafiya lau, ya koma yana baƙin ciki. Na gaya wa maigidana, shi ma ya ce boko in ya yi yawa haka yake.

Auta ta ce wataƙila inda aka ɗebo ne, don gubar ba ta bazuwa daidai a buhu. A ɗebo daga tsakiya. Asabar ta zagayo na zura hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga tsakiya. A raina na ce, wancan karon wataƙila wata marar kyau ce ta kuɓuce mana ta ɓata mata gwaji, don haka na ƙara sa ido. Har tabarau na ɗauko. Inna ta tsince, na bi baya na sake tsincewa. Nan ma farantin bai ga komai ba.

Daga nan auta ta fara ramewa. Takan biyo ta gidana da yamma, ta zauna a bakin tabarma, ta yi ta magana, ni da ita amma kamar ita kaɗai. Ta ce in ta ɗiga gubar kwalba da hannunta, farantin na gani nan take, ko kaɗan ce. Ga gyadar gaske kuma ya makance. Ko man gyadar ne ke toshe zaren? Ko ƙafafun mazaunin ne suka yi gajarta? Ta sake lissafi, ta tsawaita su, ta rage gishirin ruwan, ta ƙara. Ni dai ina jin ana tsawaita ƙafar abin da ba a gani, in ce Allah ya sa a dace. Wata rana na ce mata ko za a kai wa malam ya yi addu'a a kan kwalaben. Ba ta yi dariya ba, ta ce in ya yi daga nesa ma ta gode.

Malamin da ke duba aikinta, ta ce mutumin kirki ne, amma ya gaya mata gaskiya. Gwajin da ba ya ganin guba sai wadda mai shi ya zuba da hannunsa, ba zai wuce gaban masu jarrabawa ba. A sake aikawa birni kuma layi ne na watanni. Zaren DNA ɗin da ta sayo ya kusa ƙarewa, sabo kuwa kafin ya iso lokacin da aka ɗibar mata ya wuce. Idan na ƙarshe bai yi ba, sai dai ta sauya bincike ta faro daga tushe. Shekara uku ke nan a ruwa.

Wannan na gane shi sarai. Shekara uku na san ko mene ne. Na ga yadda take ƙin zuwa biki, yadda ta mayar da masu neman aurenta ɗaya bayan ɗaya, yadda mutanen unguwa ke tambayata da gatse ko har yanzu ƙanwata ba ta gama ƙirga gyadar ba. Tsoro ya kama ni. Na ƙudura cewa ta ɓangarena ba za a sami matsala ba.

Karo na uku ta ce daga ƙasan buhu, inda ruwan ya fi zama. Muka kwantar da buhun ni da Inna, muka farke ɗinkin gindi. Ta ƙasan ta fi lalacewa, kusan kashi ɗaya cikin uku ta gefe ce. Tun hantsi muke tsinta har azahar. Duk ƙwayar da na yi shakka, sai in fasa ta in duba cikinta. Na wanke turmi da ruwan zafi na shanya kafin in daka. Ban taɓa yi wa abinci hidima irin wannan ba, ko na sunan ɗan farina. Na kai mata da hannuna har ƙofar ɗakin gwaji, ina jin na yi abin da ya kamace ni.

Asabar ta gaba ban je Kurfi ba. Da hantsi sai ga auta ta yi sallama, ba jaka, ba littafi. Ta zauna a kan turmina da ke kife. Ta ce bai yi ba. Saura faranti biyu, kuma ba za ta ɓata su ba, ta san amsar. Litinin za ta je ta gaya wa malaminta ta haƙura. Ba za ta faro sabo ba, ta gaji. Za ta nemi koyarwa a sakandare.

Raina ya ɓaci, na kuwa hau ta da faɗa, don ni in na tsorata faɗa nake yi. Na ce don wannan aka sha wahalar kai ki makaranta? Wa ya ce ki ɗauko abin da ido ba ya gani? Ga masu binciken taki, ga masu binciken kaji, sun gama sun yi aure. Hawaye kawai ke zuba, tana sharewa da bakin mayafi. Sai na daina faɗan. Na ce bari in dama mata kunu, tun safe na san ba ta ci komai ba.

Na shiga madafa na fito da faifai. Ta gefen makon jiya ce a kai, ragowar da ban taɓa ba, na baza ta ta sha iska kafin in wanke in soya. Na ajiye a gabanta na koma ɗauko ruwa. Da na dawo na tarar ta ɗauki ƙwaya ɗaya tana jujjuyawa.

"Yaya, wannan fa?"

"Ta gefe ce."

"Ta gefen me?"

"Ta gyadarki mana." Na ji ma wani alfahari ya taso mini, na ga dama ce in nuna mata ba ita kaɗai ke wahala ba. "Ke dai ba ki san hidimar da ake yi miki ba. Sau uku, ni da Inna, ƙwaya-ƙwaya. Wallahi ko ɗaya marar kyau ba ta shiga turmin nan ba. In ma abinki ya ƙi, ba daga gyadar ba ne."

Ta dube ni. Na daɗe ban ga an dube ni haka ba.

"Na ce kada ki tsince."

"Kin ce kada in wahalar da kaina."

"Na ce kada ki tsince, Yaya."

"To ai kara kika yi mini."

"Ba kara ba ce." Ta ɗago ƙwayar da ke hannunta. "Gubar a cikin waɗannan take. Waɗannan ɗin nan. Ƙwaya kaɗan ne ke ɗauke da kusan dukkanta. Kin cire ta, kin kawo mini mai lafiya, farantina ya ce mai lafiya ce. Wata biyu ina gyara abin da bai lalace ba."

Na so in yi gardama, don ban saba a kayar da ni a tsakar gidana ba. Na ce to me ya sa ba ki faɗa mini dalili ba? Ta ce ta faɗa, ranar tsintsiya, ta kuma tambaye ni na ce na gane. Garin gyaran gira na tsone mata ido, ni da tabarau ɗina.

Ba ta tsaya jin haƙuri ba. Ta tayar da turmin, ta juye faifan a ciki, ta miƙo mini taɓarya. Ta ce in daka, tana kallo. Hannuna har ya kai kan wata mai tabo zai ɗauke, ta riƙe mini wuyan hannu. Na daka ta haka nan, da tabonta da korenta. Garin ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, yana warin ɗaki rufaffe.

Muka tari 'yan acaba biyu. Ranar na fara shiga ɗakin gwajin nata. Na zaci zan ga abin mamaki, sai na ga tebura da kwalabe da firji, da fanka mai ƙara. Ta ba ni kujera ta ce kada in taɓa komai, ta sa safar hannu da takunkumi. Ta auna garin, ta zuba wani ruwa mai hawa kai, ta girgiza, ta tace, ta jira. Ta buɗe firji ta ɗauko 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba, da ɗigon ruwa a gindinta. Na ce shi ne DNA ɗin? Ta ce shi ne. Na leƙa da kyau. Ruwa ne kawai, wallahi, irin wanda za ka zubar ka ɗauraye kwalbar.

Mun fi awa biyu. Muka yi azahar a lungun ɗakin. Ina zaune ina roƙon Allah, sai na rasa me zan roƙa. In ce Allah ya sa a sami guba? A gyadar uwata? In ce Allah ya sa babu, shekarunta uku sun tafi. Na ƙare da cewa Allah ka fi ni sanin abin da ya kamata, ka yi shi.

Ta ɗiga ruwan a kan farantin, ta haɗa wayoyi da wani akwati, ta zuba wa kwamfuta ido. Wani layi ya fito yana tafiya. Ni ban san ko hawa ake so ko sauka ba, don haka fuskarta nake kallo. Na ga ta dafe baki. Ta ɗauko na biyun, na ƙarshe, ta sake yi. Layi ya sake fitowa ya kwanta kusa da na farko.

"Ya gani," ta ce. "Yaya, ya gani. Ya ma fi abin da birni suka samu, don wannan zallarta ce."

Ta durƙusa a wurin ta yi sujada. Ta tashi ta rungume ni tana kuka tana dariya, ta ce da ba Yayarta ba ce ni da ta rufe ni da duka. Na ce ki gwada mana, ai ban tsufa ba. Ta ce aiki bai ƙare ba, dole a sake da gyadar da ba a taɓa ba, a jira sabon zare, amma yanzu tana da abin da za ta nuna a ƙara mata lokaci. Litinin ba takardar haƙura za ta kai ba. Na yi murna, murna ta gaske.

Tana cire safar hannu sai ta tsaya. Ta juyo.

"Kunu kika ce za ki dama mini?"

"E."

"Da wannan?"

"Ai wankewa nake yi, in soya sosai. Wuta na kashe komai."

"Ba ta kashe wannan. Na gaya miki." Ta zauna. "Ta farko da ta biyu fa, ina suke?"

Na ce mun sha. Kunu sau biyar ko shida, da miyar taushe sau ɗaya. Yarana huɗu, ƙaramar ma ita ta fi kowa so, har ƙari take nema. Ina faɗa ina jin maganar kamar daga bakin wata take fitowa.

Auta ta ga yadda fuskata ta koma, ta kama hannuna. Ta ce in kwantar da hankali, yawanci ba sha biyar ko shida ke yin ɓarna ba, tarawa take yi shekara da shekaru. Za mu kai su a duba su don a tabbata, kuma daga yau an daina. Daga baya mun kai su, aka ce ba a ga komai ba, na gode wa Allah. Amma a ranar, kalmar shekara da shekaru ce ta tsaya mini. A gidanmu wa ya fi kowa shan kunun gyada? Kowace safiya kafin ya fita kasuwa, da ƙoƙonsa na musamman da ba mai taɓawa. Mai kyau ya kai wa mutane, ta gefe a dama masa.

"Baba fa?" na ce.

Ta ƙarasa cire safar hannun.

"Ban sani ba, Yaya. Ciwon hanta hanyoyinsa da yawa. Ba wanda zai iya sani yanzu." Ta naɗe safar ta jefa a kwando. "Amma kin zaci don me na zaɓi gyada?"

Washegari muka tafi Kurfi tare. A mota muka yi shawara ba za mu ambaci Baba ba. Muka sami Inna a inuwar dalbejiya da faifai a cinya, tana tsintar wata gyadar daga sabon buhu, za ta aika wa maƙwabciya mai jego. Ƙaramar tasar tana gefen ƙafarta, ta kusa rabi. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce aikinta ya yi. Inna ta ce madalla, ai ta san gyadar gidan nan ba ta ba da kunya.

Na sunkuya na ɗauke tasar. Inna ta ce ina za ki da ita, ta kunun gobe ce. Na ce auta za ta yi miki bayani. Na nufi wurin kaji, auta ta ce ban da kaji. Na juya wajen akuya, ta girgiza kai. Na tsaya a tsakiyar gidan da aka haife ni, riƙe da tasar da na sani tun ban fi tsayin turmi ba, na rasa inda ake zuba ta.

"In ba ki so, aje mini abina," in ji Inna. "Ba a zubda abinci."